Ka Bar Takalminka a Ƙafa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Gwaram, zuwa ga Ɗanjuma, duk inda takardar nan ta riske shi a Kano.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata ka sauka lafiya, kuma motar Direba Sabo ba ta kwance maka haƙarƙari a hanya ba. Allah ya sa ka sami masauki na mutunci, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin mutum da na aljan da na ƙarfe. Mu nan sai godiya. Ba zan cika ka da labarin gida ba. Gero yana inda ka bar shi, gwiwata ma tana inda ka bar ta, sai dai ta ƙara surutu.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka a aji uku ya bar makaranta, ko in ce ita ta bar shi, don ni ban yi fushi da ita ba. Inda ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi da kanka.

Kai ɗan fari ne, kuma ka san yadda muke da ɗan fari. Ba a zaunar da shi a ce masa ana tsoro a kansa. Ranar da na raka ka tasha a Birnin Kudu, bakina cike yake da magana, amma da na buɗe shi abin da ya fito shi ne, in ka yi suna ka sa ni a waƙa, ka ce ni dogo ne. Ka yi dariya, Sabo ya yi dariya, mota ta tashi, na dawo gida da maganata a ciki kamar tuwon da bai narke ba. Na gaji da zama mutumin da in ya buɗe baki ake fara dariya tun kafin a ji me zai ce. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Takarda ba ta da fuska, ba za ka ga inda zan murtuke baki ba.

Ba zan hana ka kiɗa ba. Wannan faɗan mun yi shi mun gama, kai ka ci. Tun kana bugun gwangwani da tsirkiyar wutsiyar doki na san fartanya ba za ta riƙe ka ba. Yanzu kuɗin fetur ya shigo ƙasa, kowane Alhaji yana son a kaɗa masa jita mai lantarki a bikin 'yarsa, to Allah ya sa rabonka yana ciki. Abin da ya hana ni sukuni daban ne, kuma a shagon nan na mai gyaran rediyo na bayan tasha na gan shi, inda kai da abokan kiɗanka kuka yi gwaji kafin ku tafi.

Ka tuna? An wanke simintin shagon, bai gama bushewa ba. Kana tsaye da jita a wuya, wayarta a jone da akwatin ƙara sauti. Sai ga Malam Isiyaku, malaminka na allo, ya leƙo don ya ji an ce za ka tafi. Kafin ya gama sallama ka yi fatali da takalmanka gefe, ka durƙusa a jiƙaƙƙen siminti, hannunka ɗaya a kan tsirkiya. Malam ya sa maka albarka, ya juyo ya ce mini, “Garba, duk shiriritarka, ka yi tarbiyya.” Na ce, “Sa'a ce, Malam, ba gwaninta ba.” Amma idona yana kan gwiwarka da jiƙaƙƙen simintin. Da Malam ya tafi ka matsa bakinka jikin makirufo, na ga ka ɗan ja baya kana lasar leɓe. Na ce me ya faru, ka ce, “Ba komai, Baba, takan ɗan cije ni a leɓe, amma na saba.”

Ka saba. Sabo turken wawa, in ji mutanen da, kuma wawan da ya fi kowa sanin wannan turken shi ne ya haife ka.

Bari in ba ka wautata ɗaya bayan ɗaya. Wasu ka ji su a dandali ana dariya. Yau ka ji su babu ganga.

Lokacin da ake shirin karɓar mulkin kai, lasifika ta shigo ƙasar nan, kowa yana so a ji muryarsa har bayan gari. Wani Alhaji Maikano a Birnin Kudu ya sayo injin wuta da akwatin ƙara sauti da manyan ƙahonni biyu, yana ba da haya, yau siyasa, gobe suna, jibi wa'azi. Ya nemi yaro mai boko ya riƙe masa. Ni kuwa na iya bambanta kalmar kunnawa da ta kashewa a jikin akwatin, wannan kuwa ya isa a kira mutum injiniya daga Sundimina har Dingaya. Na sayi tabarau, ban san me nake karewa ba.

Kayan sun zo da wani dogon turke na ƙarfe, da waya kore a ɗaure a kansa. Wanda ya sayar ya ce duk inda aka je a kafa shi a ƙasa, a ɗaura wayar jikin inji. Na kafa na farko, na kafa na biyu. Sai na lura in na kafa, lasifika tana magana, in ban kafa ba ma tana magana. Na ce ashe Bature ma yana da camfi. Ga shi da nauyi a bayan keke. Na kai wa gwaggona ta ɗaure akuya. Ina tabbatar maka a duk ƙasar Gwaram babu mahalukin da ya kai akuyar nan tsira daga lantarki.

Ban tsaya nan ba. Filogin akwatin ƙafa uku gare shi, soket ɗin da na samo kuwa rami biyu. Na ɗauki filaya na karya ƙafa ta ukun, ya shige sumul, har ina yabon kaina. Murhun innata ma da duwatsu uku yake tsayuwa, amma ban yi wannan tunanin ba.

Sai bayan aikin gama ya gama wani mai aikin waya ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce wayoyi biyu su ke aiki, ta ukun kuwa rariya ce. Ka san rariyar gidanmu, ramin nan na gindin katanga. Shekara guda tana zaune a bushe, kaji na kwana a ciki, sai ka ce ba ta da amfani. Ranar da sama ta ɓalle, ita ce ke fitar da ruwa waje. Toshe ta, ruwa ba zai koma sama ba, ɗakinka zai nema. To haka wuta take. In wani abu ya lalace a cikin akwati, wutar da ta ɓata hanya sai ta bi wayar ƙasa ta wuce abinta. In babu wayar, sai ta kwanta a jikin ƙarfen akwatin, a jikin makirufo, a jikin tsirkiyar jita, ta yi lamo tana jiran rariya. Kai da ka ɗora hannu, kai ne rariyar.

Don haka, Ɗanjuma, duk inda za ku yi wasa, kafin ka ɗaura jita a wuya ka durƙusa ka dubi filogi. In ka ga ƙafa biyu da gurbin ta uku, ka san wani ɗan'uwana a wauta ya riga ka zuwa. In ka ga an cusa tsirarar waya a soket an tokare da tsinken ashana, shi ma aikin danginmu ne, na yi shi ba adadi. Wayar da ta zazzago aka naɗe da tsumma, ko aka bar ta tana jan ciki inda ruwa ke bi, duk kada ka yarda. Kuma akwatin jitarka da na makirufo su sha daga wuri guda. Kada ɗaya ya sha daga ɗakin otal, ɗaya daga injin maƙwabta, kai ka tsaya a tsakiya kana haɗa su zumunci da jikinka.

Akwai ƙananan wauta guda biyu da zan haɗa maka a ƙunshi ɗaya. Fis ya taɓa ƙonewa ana tsakiyar taron siyasa, mai jawabi yana ta buɗe baki kamar kifi, mutane suna harara ta. Na yagi takardar azurfar nan ta cikin kwalin taba na naɗe fis ɗin na mayar. Magana ta dawo, aka yi mini tafi. Kafin a tashi, akwatin yana hayaƙi yana warin ƙonannen gashi. Fis mai gadi ne, in ya faɗi wani abu ya gani. Ni kuwa na ɗaure wa mai gadi baki. In ya ƙone a sa irinsa, in ya sake ƙonewa a kai wa mai gyara. Ta biyun, da na kai akwatin gida na ce bari in duba cikinsa, tunda na zare filogi ai wuta ta tafi. Na zura yatsa. Sai da na ga kakata da ta rasu. Ashe irin waɗannan akwatuna suna da wasu 'yan gwangwanaye a ciki masu ajiyar wuta, kamar garwashin da ke kwana cikin toka. Kada ka buɗe bayan akwati, ko an kashe, ko an zare. Kai makaɗi ne. Ka bar wa mai gyara abincinsa.

To, yanzu ga babbar.

Ka san dalilin da ya sa ake ce mini Garba Tsalle. Yaran da ba a haifa ba a lokacin ma sun iya kwaikwayon yadda na tashi sama. Ni da kaina na sha ba da labarin a wurin ɗaurin aure don a yi nishaɗi, kuma kullum a daron kunu nake tsayawa, don nan dariya take ƙarewa. Ka ji sauran.

Suna ake yi a gidan wani mai gari, a wani ƙauye ta wajen Zandam. Bazara ce, ƙasa kamar tanda. Da la'asar ta yi, mata suka fito da tuluna suka yayyafa wa ƙofar gida ruwa sosai, yadda ake yi in manya za su zauna, don wuri ya yi sanyi ya lafa. Aka shimfiɗa tabarmi. Na idar da salla, ƙafata ko bushewa ba ta yi ba, na bar takalmina a bakin fili cikin na jama'a, na tayar da inji. Turke yana can gidan gwaggo yana aikin akuya.

Sanƙiran ranar Mato ne, abokina, wanda kake kira Baba Mato mai igiya. Kai ka san shi tsoho mai shiru a gindin tsamiyar kasuwa. Da ka gan shi a lokacin! In ya ɗaga murya a wannan ƙauye, kaji na watsewa a wancan. Ba ya bukatar lasifika ko kaɗan, amma mai gari ya ɗauko ta haya, dole a ji amfaninta. Mato ya zo da babbar riga da takalmin taya, mai kaurin nan da ko ƙaya ba ta hudawa. Da ya iso bakin fili ya tuɓe su, kamar yadda kowane ɗan halak zai yi a gaban manya. Ya tako jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zo wurina, yana kallon makirufo a kaikaice.

Ya ce, “Garba, wannan abin naka ba ya cizo?”

Na ce, “Maƙaryata kawai yake cizo.”

Ya ce, “To na shiga uku, ka san sana'ata.”

Muka yi dariya. Ya je ya durƙusa da gwiwa ɗaya gaban mai gari, ya kai hannun dama ya cafki makirufo a kan sandarsa, ya ce, “Ranka ya da...” Bai ƙarasa ba. Jikinsa ya ɗauki rawa, wuya ya sanƙare, haƙora suka haɗu. Mato kuwa an san shi da kwaikwayo, yakan yi tsoho mai jin sanyi, yakan yi mai kamun aljanu. Sai fili ya ɗauki shewa. Masu kalangu suka ƙara wuta. Mai gari yana dariya har yana share hawaye da bakin rawani. Mutum yana mutuwa a gabanmu, muna yi masa kiɗa.

Ni na fara ganewa, don na ji ƙaho yana wani gurnani da ban taɓa ji ba. Ka san ina makunnin inji yake? Gefen gwiwata. Yatsa ɗaya ya isa. Amma injiniya mai tabarau ya tsallake shi, ya sheƙa a guje ƙafa ba takalmi, ya cafki damtsen Mato zai janye shi. Abin da na sani kawai, wani ya buga mini gatari a ƙirji, sai na gan ni zaune cikin daron kunu. Tsallen ke nan. Daga ranar ban sake jin sunana shi kaɗai ba.

Wadda ta ƙwaci Mato wata yarinya ce doguwa mai ɗaurarriyar fuska, cikin masu daka a gefen zaure. Ta ratso maza da taɓarya a hannu, ta kai wa makirufon duka ɗaya, ya yi can, Mato ya zube. Daga baya na tambaye ta ina ta koyi aikin lantarki. Ta ce ita ba ta san wani lantarki ba, ta ga baƙin abu mai jela ya kama mutum, kuma ba a cire maciji da hannu. Allah ya taimaka, taɓaryar a bushe take. Wannan yarinyar ita ce Innarka. Na ga yadda take riƙe taɓarya, na ce gara in kasance a ɓangarenta.

Ka riƙe wannan da kyau. Wanda wuta ta kama ba ya ihu, ba ya iya sakin abin da ya riƙe, hannun ne ke ƙara damƙewa. In ka ga abokin wasanka ya sanƙare ko yana wata rawa da ba ku shirya ba, kada ka tsaya tambaya, kuma kada ka taɓa shi. Ka kashe wuta, ka fizge filogi. Shi ya sa tun kafin a fara za ka san inda makunni yake, kamar yadda baƙo ke fara tambayar alƙibla. In ya yi nisa, ka nemi busasshen itace, kujera ko sanda, ka buge abin daga hannunsa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Ban da wannan wutar. Wannan in ka shafa ruwa, goron gayyata ka aika mata.

Mato ya farfaɗo. Ya tashi yana kakkaɓe riga yana cewa ba komai, don kunya. Mu ma muka ce ba komai, don mun fi son haka. Aka shafa masa man shanu a tafin hannu aka ɗaure da tsumma, aka ci gaba da suna. Sai da hannun ya fara wari aka kai shi asibiti a Birnin Kudu, likita ya yi ta faɗa, ya ce ƙunar lantarki a ciki take ci, abin da ake gani a waje ɗan kaɗan ne, kuma takan taɓa zuciya mutum yana tafe ya faɗi. Saboda haka duk wanda wuta ta ja da ƙarfi, kai ne ko wani, a tafi asibiti a ranar, ko yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Hannun bai sake buɗewa ba. Yatsun sun lanƙwashe sun manne, yadda ka san su. Muryarsa tana nan, amma wa zai gayyaci sanƙiran da zai miƙa wa basarake hagu? Sannu a hankali aka daina kiransa. Ya koma tufkar igiya, yana dannewa da ƙafa yana murzawa da hagu. Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ya faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ran kasuwar da ta wuce na je wurinsa, kamar yadda na saba. Na ce masa ɗanka ya tafi Kano kaɗa jita mai lantarki. Ya ci gaba da murza igiya. Can ya ce, “Yaron nan mai ladabi?”

Na ce, “Shi.”

Ya ce, “Mai tuɓe takalmi tun daga bakin kasuwa in zai gaishe ni?”

Na ce, “Shi fa.”

Ya ce, “Tsalle, kai ka koya masa?”

Na ce, “Da tsumagiya ma.”

Ya girgiza kai. Ya ce, “To ka je ka warware. Ka ce masa ranar nan mai gari ya yabi ladabina a gaban jama'a. Ka ce masa tun daga ranar, da hagu nake cin tuwo a gaban surukaina.”

Na tashi na yi masa sallama.

Na tuna ranar da na zane ka don ka shigo zaure da takalmi baƙi suna zaune. Kana ƙarami, ko kaciya ba a yi maka ba. Ka yi kuka har ka shiɗe, kuma daga ranar ban sake ganin ka gaban babba da takalmi ba. Yanzu ƙafarka ba ta shawara da kai, da ta ga furfura sai ta fita da kanta. Na yi alfahari da wannan shekara da shekaru, don shi ne abu guda da na shuka ya fito daidai. Yau shi ne abin da nake tsoro. Inda za ka, gidajen manya ne. Za a wanke siminti, za a yayyafa wa fili ruwa, za ku yi alwala ku fito da ɗanyar ƙafa, gumi na zuba a hannu. Kana cikin kiɗa Alhaji zai taso da tawagarsa ya zo gabanka, kuma na san abin da ƙafarka za ta yi.

Ban janye tarbiyya ba, ka ji ni da kyau. Ga yadda za ka yi. In babba ya zo kuma akwai hali, ka sauke jita, ka jingine ta, ka matsa daga wurin wayoyi, sannan ka tuɓe ka durƙusa har ƙasa, ka yi gaisuwa irin ta gidanmu. In babu hali, jita na wuyanka, to ka rusuna daga tsaye, takalminka a ƙafa, gwiwarka ba ta taɓa ƙasa ba. Za a ga baƙinka. Wani zai ce, wannan ɗan gidan uban waye, marar kunya? Ka gaya musu. Ka ce ɗan Garba Tsalle ne na Gwaram, shi ya ce in yi haka. Su aiko da zagin nan, akwai wurin ajiya. Mutumin da aka yi wa dariya tun kafin a haife ka, zagi ba zai yi masa nauyi ba.

Kada kuma ka ɗauka takalmi laya ne. Yana tare hanyar ƙasa kawai, shi ma in a bushe yake. In hannunka na kan tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirufo, wuta ba ta bukatar ƙafarka, ta hannu za ta shiga ta fita ta baki, kuma ƙirji ne a tsakani. Wannan ɗan cizon da ka ce ka saba da shi, sallama take yi maka. Ka sayi testa, ɗan sukundireban nan mai fitila a gindi, ka sa mai gyara ya nuna maka yadda ake riƙe shi. Ka taɓa tsirkiya da shi, ka taɓa makirufo, kafin ka taɓa su da jikinka. In ya kawo haske, ko ka ji ɗan tsikari ko yaya yake, ka ajiye jita, ka ce sai an gyara. In hadari ya haɗo kuna fili, ku kashe ku tattara, ango ba zai fasa aure don an rage waƙa ɗaya ba.

Na san ogan ƙungiyar kiɗanku zai ce kai baƙauye ne matsoraci, su shekara nawa suna yi ba abin da ya same su. In ka ji wane ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Zai ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, amma na Mato bai ƙare ba, kuma ka ga abin da ya rage masa ya yi ta zama da shi. In ya ce ko ka kaɗa ko ka kama hanya, ka kama hanyar. Sabo yana lodi kullum. Gona tana nan, fartanya ba ta da filogi.

Ƙunshin da ke tare da takardar nan takalmin kambas ne mai ƙasan roba. Ba ni na saya ba. Innarka, wadda tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, na gan ta tana auna tsohon takalminka da zare a bayan rumbu, da ta ji motsina ta ce kaza take nema. Jiya ta ajiye mini ƙunshin a zaure, tana kallon bango, ta ce, “In kana da mai zuwa, a ba wancan.” Na ce wancan wa? Ta ce, “Ka fi ni sani.” Ta so in haɗa maka da taɓarya, Sabo ya ce shi ba ya ɗaukar makami. Kada ka ajiye takalmin don kwalliyar salla. Na wurin kiɗa ne, kuma in ya jiƙe ka shanya shi ya bushe kafin ka hau dandamali.

Hannuna ya gaji, idona ma ya fara haɗa layi biyu. Rubutun da ban yi a makaranta ba yau na rama shi. Ƙannenka suna gaishe ka. Malam Isiyaku yana sa maka albarka, bai san na zauna ina rushe masa gini ba, kada ka gaya masa. Baba Mato ya ce a gaishe ka da kyau.

Allah ya tsare ka a zaune da tsaye, a kan hanya da wurin sana'a. Ya tsare hannunka da ƙirjinka da numfashinka. Ya sa ka gama da duniya lafiya, ya dawo mana da kai da ƙafarka. Amin.

Batun waƙa kuwa, ka bar shi, ba sai ka ce ni dogo ne ba. In ka zo da salla, ka tuɓe takalminka a ƙofar zaure yadda ka saba, nan babu waya. Ka shigo ka miƙo mini hannunka na dama, a buɗe. Iyakar tsarabar da nake jira ke nan.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba, wanda ake ce wa Tsalle.